Kafin a Sauya Batir, a Saurari Waya

Duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da ya bar Tsafe ya fara hango duwatsun Kwatarkwashi, yana wuce na'urori da yawa da ke zance da junansu ba tare da kowa ya ji ba. Turken sadarwa na bakin titi yana kai wa kamfaninsa rahoton man da ya rage a janareta da ƙarfin batiransa. Firijin allurar rigakafi mai aiki da sola, in an maƙala masa na'urar lura, yana faɗin sanyin cikinsa, tunda yawancin alluran ana so su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. A shagon cajin waya, batirin litiyam yana gaya wa inbata iyakar wutar da zai iya sha. Ita kuwa POS ta mai cire kuɗi ba ta da wani aiki da ya wuce aika tambaya ta jira amsa.

Ranar da zancen ya yanke, allo yakan nuna abu ɗaya: babu sadarwa. Daga nan sai a shiga turanniya. Wanda ya haɗa aikin ya ce, "Yallaɓai, sabis ne." Mai sayar da kayan a Kano ya ce wanda ya haɗa ne bai iya ba. Mai kaya, da kuɗinsa suka riga suka fita, ya tsaya yana kallonsu. Ƙarshenta a koma ga maganin da aka saba, a sauya wannan a gani, in bai yi ba a sauya wancan. Ana iya sayen sabuwar sensa da sabon akwatin sadarwa, har a zargi batir na miliyoyin naira, alhali abin da ya lalace wayoyi biyu ne da aka juya.

A ganina wannan ɓarnar ba ta da dalili, domin na'urorin nan ba sa ɓoye komai. Kowace tambaya da kowace amsa tana bi ta kan waya ko ta iska, kuma ana iya kama ta a rubuta, da lokacin da ta wuce. Saƙon "babu sadarwa" yana lulluɓe matsaloli iri-iri da ba su da alaƙa da juna, kuma wanda ya zauna ya karanta zancen kaɗai zai iya raba su.

Mu ɗauki misali da rijiyar burtsatse mai sola a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bunguɗu, irin wadda ake son a riƙa lura da ita daga ofis a Gusau. Akwai sensa a tanki mai auna ruwa, da mita mai ƙirga abin da ya fita, da akwatin da ke tuƙa injin sumo. Duka ukun suna kan waya ɗaya mai igiya biyu da aka murɗa, a tsarin da ake kira RS-485, wanda aka kafa tun 1983. Tsohon tsari ne amma mai juriya: yana iya kai saƙo kusan mita 1200, kuma a ƙa'idarsa ta asali na'urori 32 suna iya tarayya a layi ɗaya. Harshen da aka fi yi a kansa shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon na Amurka ya fito da shi a 1979. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma in ka buɗe littafin mitar wuta ko inbatar da aka shigo da ita daga Sin bana, da wuya ba ka same shi a ciki ba.

Tsarinsa kamar kiran suna ne a aji. Malami ɗaya ne yake kira, wanda aka kira shi kaɗai zai amsa, sauran su yi shiru. Kowace na'ura tana da lamba, daga 1 zuwa 247. Mai tambaya shi ne wani akwati dabam da ke tattara bayanai, masu amsa su ne sensoshin, kuma babu wadda ke buɗe baki sai an kira ta. Wannan akwatin shi ne kuma tafinta: ya karɓi abin da aka faɗa masa a kan waya, ya juya shi zuwa saƙon intanet, ya aika ta layin waya zuwa babbar kwamfuta, uwar garke, wadda wataƙila tana Legas, ko Jamus, ko Sin. Daga can ne manhajar da ke wayar injiniya take ɗauko lambobin da yake gani. Tafiya uku ke nan: daga sensa zuwa tafinta, daga tafinta zuwa uwar garke, daga uwar garke zuwa allo. Aikin farko na mai neman matsala shi ne ya san a wace tafiya saƙon ya faɗi.

Ta farkon ta fi sauƙin saurare, kuma nan ne matsala ta fi yawa. Ɗan ƙaramin mahaɗi ake buƙata, mai kai ɗaya na USB ɗaya na RS-485, ba shi da tsada. A jona shi a igiyoyin biyu gefen sauran na'urori, a sa shi ya yi saurare kawai kada ya yi magana. Abin da zai fito a kwamfuta jerin lambobi ne a ƙirgen sha shida, misali 01 03 00 00 00 02 C4 0B. Da farko sai ka ga kamar shirme, amma bayit takwas ne kacal, kuma kowanne da aikinsa. Na farko yana cewa da ke nake, na'ura ta ɗaya. 03 yana nufin karanto mini. Biyu na gaba suna faɗin gurbin da za a fara, wato na sifiri, biyu na bayansu suna cewa gurbi biyu nake so. Na ƙarshen biyu hatimi ne na lissafi: mai karɓa zai sake lissafa shi, in bai yi daidai ba ya san saƙon ya gurɓace a hanya, sai ya yar da shi bai ce uffan ba.

Wannan shirun shi ne yake ruɗa mutane, don haka ya kamata a ɗan tsaya a kansa. In ka ga tambaya tana fita lafiya, tana maimaituwa, babu amsa ko ɗaya, to ko dai na'urar ba ta da wuta, ko lambarta ba ita ce ake kira ba, ko gudun zancen ya bambanta, ɗaya tana kan 9600 ɗaya tana kan 19200, ko kuma an juya igiyoyin. Batun juya igiyoyi yana da ban haushi, domin kamfanoni ba su haɗu a kan wacce ce A wacce ce B ba. Mutum yana iya bin rubutun da ke jikin na'urorin biyu sau da ƙafa ya haɗa su a juye. In kuma ka ga amsa tana zuwa amma a dagule, hatiminta ba ya daidai, duba ko na'urori biyu ne ke da lamba ɗaya. Da yawa daga masana'anta suke fitowa da lamba 1, in mai haɗawa ya manta bai sauya ba, duk sanda aka kira ɗaya sai biyu su amsa tare, muryoyin su haɗe.

Akwai kuma dagulewar da ke bin lokaci, kuma ita ce ta fi nuna amfanin rubuta zance na tsawon yini maimakon leƙawa na minti biyar. Da asuba komai lafiya. Da hantsi, rana ta yi ƙarfi, injin sumo ya kama gudu, sai saƙonni su fara gurɓata. Da magariba su warware. Wanda ya zo duba aikin da yamma zai rantse babu matsala. Dalilin shi ne akwatin da ke tuƙa injin yana yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, in aka bi da wayar saƙo bututu ɗaya da wayar wuta sai hayaniyar ta tsallaka. Maganin a raba musu hanya, a yi amfani da waya mai sulke, a sa razista mai om 120 a kowane ƙarshen layi. A ƙasarmu sai ka ƙara da zafin Afrilu da ke sassauta mahaɗai, da ɓera, da gara, da tsawar damina wadda ke iya ƙona guntun sadarwa ta bar sauran na'urar tana aiki kamar ba abin da ya same ta.

Mafi daɗin gani ga mai bincike ita ce amsar ƙi. In ka tambaya da 03 aka amsa maka da 83, na'urar tana raye, ta ji ka, ta ƙi ne. Lambar da ke biye za ta faɗi dalili: 01 ba ta san irin wannan umarni ba, 02 babu gurbin da ka nema. Wannan 02 sau da yawa kuskuren ɗaya ne tak. Littafin na'ura zai rubuta gurbi 40001, amma a kan waya sunansa sifiri. Wanda bai sani ba ya rubuta 1, sai ya karanto maƙwabcin abin da yake so, ko ya faɗa inda babu komai. Babu wayar da za a sauya ta gyara wannan.

Wani lokaci zancen yana tafiya daidai, fassarar ce ta karkace. Sensa ta aiko da 253 tana nufin digiri 25.3, manhaja ta nuna 253. Lamba 65535 ta bayyana a allo, alhali ɗaya ce ƙasa da sifiri aka karanta ba a lura da alama ba. Babbar lamba, irin jimlar litar da mita ta ƙirga, tana cin gurbi biyu, kuma Modbus bai ƙayyade wanne ne zai fara zuwa ba, kowane kamfani da nasa. In aka juya su sai ƙauye ya sha litar ruwa biliyan a rana ɗaya. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, duk wanda ya taɓa haɗa sensar zafi DS18B20 da Arduino zai gane irin wannan: in ta nuna 85 daidai, lambar da take farawa da ita ce kafin ta auna komai, in manhajar ta nuna 127 ƙasa da sifiri, ba ta ga sensar ba ne gaba ɗaya.

Masu haɗa sola suna fama da ɗan'uwan wannan tsakanin batirin litiyam da inbata. Wasu suna zance ta RS-485, wasu ta CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986 don motoci, shi ne kuma makaniki yake saurara in ya jona kwamfutarsa a ƙasan sitiyarin motocin zamani. Kan wayar iri ɗaya ne da na wayar intanet, sai mutum ya ɗauko kowace ya soka, alhali jerin igiyoyin ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Gwaji mai sauƙi: a kashe komai, a auna tsakanin igiyoyin CAN biyu da mita. Layi mai lafiya yakan nuna kusan om 60.

Tafiya ta biyu tana buƙatar wani kayan aikin. Manhajar da duniya ta fi amfani da ita ita ce Wireshark, kyauta ce, Gerald Combs ya fito da ita a 1998 da sunan Ethereal, aka sauya mata suna a 2006. Yayarta tcpdump ta girme ta da shekara goma, an rubuta ta a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a 1988, kuma ba ta buƙatar allo mai hoto, shi ya sa take iya aiki a cikin ƙananan akwatunan sadarwa masu Linux. Abin lura ɗaya: in ka jona kwamfutarka a suwic ɗin da na'urorin suke, ba za ka ga zancensu ba, don suwic yana kai saƙo ƙofar mai shi ne kawai. Sai dai a saita wata ƙofa ta riƙa samun kwafi, ko a kama zancen a cikin tafintan da kansa.

Abin da ake nema a nan kaɗan ne. Kowace haɗuwa ta TCP da gaisuwa uku take farawa: SYN, sai SYN-ACK, sai ACK. In SYN yana ta fita babu mai amsawa, hanya ce a toshe ko adireshin ba daidai ba. In aka amsa da RST, an isa gidan amma ƙofar da aka buga a kulle take. Modbus na intanet yana amfani da ƙofa 502, MQTT kuma 1883, ko 8883 in an rufa saƙon. In kuma haɗuwa ta yi kyau amma tafinta ya dawo da amsar ƙi mai lamba 0B, cewa yake yi ya miƙa tambayar, na'urar da ke bayansa ce ba ta amsa ba. Wannan lamba ɗaya ta wanke kamfanin waya, ta mai da bincike gindin tanki.

Layin waya yana da nasa halin. Yawanci na'urar da ke amfani da katin sim ba ta da adireshin kanta a intanet, tana fita ne ta wata mashiga da take tarayya da dubban mutane. In ta daɗe ba ta ce komai ba, mashigar ta manta da ita. Na'ura tana zaton tana haɗe, uwar garke ma haka, amma umarnin da aka aiko ba zai iso ba. MQTT, wanda Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka tsara a 1999 don lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, ya tanadi maganin wannan: na'ura tana aika ɗan gajeren saƙon "ina nan" lokaci-lokaci, in aka yi ninki ɗaya da rabi na wa'adin ba a ji ta ba, uwar garke ta ɗauka ta tafi, ta sanar da wasiyyar da ta bari tun farko. Sai dai in an sa wa'adin ya fi haƙurin mashigar tsawo, haɗuwa za ta riƙa mutuwa bayan mintuna iri ɗaya kullum, kuma a jerin lokutan da ke gefen Wireshark ne kawai za ka ga wannan daidaiton. Agogo ma yana iya jawo fitina. In ƙaramin batirin agogon tafinta ya mutu, wuta ta ɗauke ta dawo, yana iya farkawa a 1 ga Janairu 1970, ya ga takardar shaidar uwar garke ya ce lokacinta bai zo ba, ya ƙi haɗuwa alhali sabis ya cika.

Duk wanda aka taɓa cire masa kuɗi a POS takarda ta fito ta ce an ƙi, kamar yadda aka sha gani a ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ya san wata matsalar: tambaya ta isa, an aikata, amsar ce ta ɓata. A wajen injin ruwa hatsarin ya fi na jiran a maido da kuɗi. In umarnin "juya makunni" ne, aka ga babu amsa aka sake aikawa, na biyun zai kashe abin da na farko ya kunna. Shi ya sa umarni mai kyau yake cewa "kasance a kunne", wanda ko sau goma aka maimaita sakamakonsa ɗaya ne.

Mutanen Zamfara sun ga gwajin da injiniyoyin wasu ƙasashe a takarda kawai suke zana shi. A ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a jihar baki ɗaya, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta samu ba sai da Oktoba ya kama, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci duk na'urar da ke dogara da layin waya ta zama bebiya ga ofishinta. Duk wanda zai tsara aiki a wannan yanki bayan haka ba shi da uzurin ɗora kunnawa da kashewa a kan uwar garken da ke wata ƙasa. Hukuncin "tanki ya cika, kashe inji" a gindin tankin ya kamata a yanke shi. Intanet na kai rahoto ne, kuma tafinta ya iya ajiye bayanai da lokutansu har sabis ya dawo. Allo kuma ya riƙa nuna yaushe aka ji lamba ta ƙarshe. Akwai manhajojin da za su nuna maka tanki cike kwana uku, alhali kwana uku ke nan ba su ji daga gare shi ba.

Saurare yana da iyakarsa. Abin da sensa ta faɗa za ka gani, ko gaskiya ne ko ƙarya wannan sai ka hau tanki da sandar awo. Ƙwayar cutar kwamfuta ta Stuxnet, da aka gano a 2010, ta riƙa nuna wa masu lura a tashar nukiliya ta Natanz a Iran lambobin lafiya yayin da take lalata injina. Modbus na asali ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya isa layin zai iya ba da umarni, saboda haka barin ƙofa 502 a buɗe ga intanet ganganci ne. Saƙon da aka rufa kuma ba za ka karanta cikinsa ba, kodayake za ka ga girmansa da lokacinsa da ko an amsa, kuma sau da yawa wannan ya isa. Sannan akwai doka: dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kama saƙon wasu ba da izini ba. Layinka, ko wanda mai shi ya ba ka aikin dubawa, nan ne iyakarka.

Inda na fi ganin gyara shi ne wajen saye. Ana miƙa ayyuka ga asibiti ko ƙungiyar masu ruwa ko ƙaramar hukuma da makulli da rasit, ba tare da jadawalin gurabe ba, wato takardar da ke cewa gurbi kaza shi ne tsayin ruwa, gurbi kaza shi ne ƙarfin batir. In babu ita, lambobin da ka kama ba su da ma'ana, kuma mai kaya ya zama ɗan amshin shatan wanda ya haɗa masa. Wasu kamfanonin suna wallafa jadawalinsu, wasu sai an roƙa, wasu sun ƙi. Ya kamata wannan ya shiga cikin ciniki tun kafin a biya, tare da lambobin na'urori, da gudun layi, da kalmar sirrin tafinta, da sunan wanda katin sim yake hannunsa, domin akwai tsarin da ya mutu don kawai data ta ƙare babu wanda ya san nauyin wa ne ya saka.

Batun hanya ya ƙara wa wannan nauyi. Tsakanin Gusau da Tsafe ba tafiyar da ake yi don a je a gwada sa'a ba ce a shekarun nan. Injiniya yana lissafin mai, yana lissafin ƙarfe nawa zai fita ƙarfe nawa zai dawo. Matashin da ke zaune a Kwatarkwashi, in yana da kwamfutar hannu da mahaɗin USB, zai iya kama zancen awa ɗaya da hantsi, fayil ɗin bai kai girman hoton waya guda ba, ya tura ta WhatsApp ga wanda ya iya karantawa a Kano ko Zariya. In tafiyar ta zama dole, a zo da abin da ya lalace a jaka. Zai fi sauƙi in tun ranar da aka miƙa aikin, lokacin da komai ke tafiya daidai, an kama zancen yini guda an ajiye kwafi biyu, ɗaya wajen mai kaya ɗaya wajen wanda ya haɗa, don a sami abin kwatantawa ranar da ta ɓaci.